AncestryDNA: abin da gwajin yawu zai iya yi wa mai neman danginsa

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da labarin wani kaka da ya tafi hajji a ƙafa ya tsaya a Sudan, ko ya bi fataken goro zuwa Gwanja ya yi aure a zangon Kumasi bai dawo ba. Masu irin wannan labari ne suka fi tambaya ko gwajin DNA na kamfanin Ancestry zai haɗa su da waɗancan zuriyoyi. Yana iya taimakawa, amma ba ta fuskar da aka fi tallata shi ba.

Kamfanin yana jihar Utah ta Amurka, ya fara wannan gwaji a 2012, kuma kuɗinsa na yau da kullum dala 99 ne ban da na aikawa, ko da yake ana yawan yin rangwame. A cikin kwalin akwai 'yar kwalba, da murfi mai ruwa shuɗi, da leda, da ƙaramin kwalin mayarwa. Kafin komai, a shiga shafinsu a yi wa lambar da ke jikin kwalbar rajista. Idan aka aika ba a yi ba, babu sunan da za a jingina sakamakon gare shi. Sai a yi minti 30 ba ci ba sha, ba taba, ba cingam, mu kuma sai mu ƙara da goro da asuwaki. A tofa yawu har ya kai layi, kumfar da ke sama ba ta cikin lissafi. A murɗa murfin da ƙarfi har ruwan shuɗin ya zubo ciki, a girgiza. Yawancin samfurin da ke lalacewa daga nan ne: ko yawu bai kai layi ba, ko murfin bai fasa ruwan ba. Tsofaffi masu bushewar baki su yi da sassafe kafin karin kumallo, a kuma yi haƙuri da su. Sakamako kan ɗauki mako 6 zuwa 8 bayan samfurin ya isa. Kan sarkin da ke jikin kwalin mayarwa na ƙasar da aka sayi kayan ne, don haka wanda aka kawo masa daga waje ya shirya wanda zai koma da shi.

Kashi na farko na sakamakon shi ne taswirar asali, wadda za ta ce kaso kaza Najeriya, kaza Mali, kaza Senegal ko Arewacin Afirka. Nan ne mutane suka fi ɗoki, nan ne kuma gwajin ya fi rauni. Kwatanta jinin mutum ake yi da na rukunan mutanen da kamfanin ya tara, rukunan Afirka kuma ba su kai na Turai yawa ba. Shi ya sa alƙaluman ke sauyawa duk lokacin da aka sabunta lissafi. Ba zai ce maka kai Bagobiri ne ko Bakatsine ba, ba zai tabbatar da sharifta ba. Kuma ba ya ba da bayanin layin uba zalla, wanda shi ne salsalarmu ke bi. Mai son wannan sai ya nemi gwajin Y-DNA na kamfanin FamilyTreeDNA, na maza kaɗai.

Kashi na biyu shi ne ya cancanci kuɗin: jerin waɗanda kuka haɗa jini cikin mutum sama da miliyan 20 da suka yi gwajin. Ana auna kusanci da ma'aunin cM (centimorgan), wato yawan DNA da mutum biyu suka haɗa. Tsakanin uba da ɗa kusan 3,400 ne, shaƙiƙai wajen 2,600, ɗan baffa ko taubashi wajen 850, waɗanda kakanninsu suke wa da ƙane wajen 230. Abin da bai kai 8 ba kamfanin ba ya nunawa, ni kuwa ba na ba da shawarar a gina magana kan abin da ke ƙasa da 20.

Tsarin gidan Bahaushe yana rikita wannan lissafi ta hanya biyu. 'Yan uba suna haɗa wajen 1,750, daidai da abin da ke tsakanin mutum da baffansa, ko gwaggonsa, ko kakansa. Na'ura ba ta da tabbacin wanne ne, sai a duba shekaru da tarihin gida. 'Ya'yan 'yan uba kuma rabin na 'ya'yan shaƙiƙai suke haɗawa, sai a ga an tura ɗan baffa na kusa can cikin dangi na nesa. Auren zumunci kuwa akasin haka yake yi. Inda aka yi ta auren gida tsawon zuriyoyi, jini ɗaya yana zuwa ta hanyoyi da dama, lambar ta kumbura, na nesa ya fito kamar na kusa. 'Yan uwan shayarwa da ɗan riƙo ba za su fito ba sam, alhali zumuncinsu yana nan daram.

Sai maganar nisan zamani. Waɗanda suka wuce gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru ta kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, yau jikokinsu sun kai hawa huɗu zuwa biyar. A wannan nisa, 'yan uwa na gaskiya suna iya rasa haɗa komai da gwaji zai gani, domin rabon kowane kaka yana raguwa da rabi a kowane hawa. Saboda haka idan kwali ɗaya ake da kuɗinsa, a ba mafi tsufa a gidan, ba matashin da ya saya ba. Kuma gwajin ba ya nemo kowa sai wanda shi ma ya yi. Yawancin masu yinsa suna Amurka, Ingila, Kanada da Ostireliya, don haka Bahaushe zai fi cin karo da baƙaƙen fatar Amurka masu ɗan ƙaramin cM fiye da danginsa na birnin Omdurman a Sudan. Hanyar da ke aiki ita ce a fara gano gidan da ake zato ta bakin tsofaffi da sarkin zango, sannan a gwada dattijo ɗaya daga kowane ɓangare.

Kafin a tofa yawu a san cewa gwajin yana iya tono abin da aka rufe, kamar ɗan da ba a san da shi ba ko uban da ba shi ba ne. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma wannan gwaji ba hujjar kotu ko ta rabon gado ba ce. A yi wa dattijo bayani da Hausa ya amince da bakinsa. Shafin yana ba da damar ɓoye suna, rufe jerin dangi, ko goge bayanan gaba ɗaya.

Idan dangi ya fito, saƙon farko ya zama gajere: sunan kaka da laƙabinsa, garin da ya baro, unguwa, sana'a, da sarkin da ke mulki lokacin da ya tafi. Laƙabin ya fi muhimmanci, domin alkunya ta sa jikoki da yawa ba su taɓa jin sunan yanka na kakansu ba. Kada a saka maganar kuɗi, biza ko gado. Shafin ba shi da Hausa, saboda haka a rubuta da Turanci, na Sudan kuma a haɗa masa da Larabci.