Asmar ɗiyata da gwajin garkuwar jiki da muka yi a Jidda

Shekara 4 muna fama da asma a jikin ɗiyata, a Makka muke wajen Shari Mansur, kuma duk mustausaf (ƙaramin asibiti) ɗin da muka je maganar ɗaya ce, ku daina turaren wuta, ku wanke esi, ga Ventolin na shaƙa ga prednisolone, maganin rage kumburin hanyar numfashi, na kwana 5. Turare na bari kwata-kwata, har kafet ɗin falo na naɗe na bayar, amma wata biyu ba ya cika sai tari ya dawo da koriyar majina, ga zazzaɓi ga ciwon kunne, nimoniya ma sau biyu a shekara guda wallahi.

Yayata ce ta matsa mu je ɓangaren alaji da garkuwar jiki na wani asibiti a Jidda. Likitar ta zauna da mu sosai, ta ce sau nawa yarinyar ta sha antibayotik bana, na buɗe jaka na zube mata kwalayen a tebur ta ƙirga da kanta. Sai ta ce Hajiya asma kaɗai ba ta cika yin haka ba, a auna IgG da IgA da IgM, sinadaran garkuwar jiki, a jininta. Ina jin garkuwar jiki gabana ya faɗi, ƙanjamau ne ya zo min a rai, ta ce sam ba shi ba ne, jikin ne kawai ba ya samar da isassun sinadaran da ke yaƙar ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi burge ni ba ta yi gaggawa ba. Ta ce yawan shan prednisolone shi ma yana saukar da IgG, don haka aka sake gwajin, aka yi mata rigakafin nimoniya, bayan wata guda aka duba ko jikin ya amsa. Bai amsa ba. CVID ta kira ciwon, wato ƙarancin waɗannan sinadaran garkuwar jiki.

Yanzu duk sati 4 ana mata ƙarin ruwan immunoglobulin, wato sinadaran garkuwar da jikinta ya rasa, kusan awa 4 muke zama, karon farko ta yi ciwon kai har washegari. Inda suka ɓata min rai jiran amincewar ta'amin ne, wato inshorar lafiya, na yi ta kiran waya ba mai ba ni gamsasshiyar amsa, ga zirga-zirgar Makka da Jidda ba sauƙi. Inhela dai tana nan tana shaƙa safe da dare, amma wata 7 kenan ba mu kwana a asibiti ba, alhamdulillah, jiya ma da gudu ta hau benenmu.