Go da tsarinsa na kama kuskure: bayan wata shida

Na koma rubuta manhaja da Go ne saboda wani ƙaramin aiki na lissafin kayan shago. Google ne ya fito da yaren a 2009. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne if err != nil, wato layin da ke duba ko an samu kuskure (err). Aikin da zai iya gazawa, in ka kira shi, yawanci sai ya dawo maka da abu biyu: sakamako, da kuma kuskure in akwai. Babu try da except, hanyar kama kuskure irin ta yaren Python. Layi uku bayan kowane kira, har yatsuna suka haddace su.

Amma dai na sauko. Wata rana cikin gaggawa na sa _ a wurin err, wato na watsar da shi. Fayil ɗin farashi bai buɗe ba, manhajar ta ci gaba tana nuna sifili, mai shago ya kira ni yana cewa, "Malam, sukari kyauta ne yau?" Laifina ne, yaren ya miƙo mini saƙon, ni na ƙi karɓa.

Abin da ya fi burge ni ya zo ne a sigar 1.13 ta 2019. Da %w a cikin fmt.Errorf kana naɗe kuskure da bayaninka, sannan errors.Is ya tono asalinsa. Yanzu saƙon yana faɗa mini wane fayil, a wane mataki.

Maimaicin if err != nil kam har yanzu yana gajiyar da ido. Panic kuwa, wato dakatar da manhaja nan take, ban cika taɓa shi ba, sai in rumbun bayanai ya ƙi haɗuwa tun farkon tashi.