Allon Android a dashbod ko rediyon mota na da: abin da na gani bayan na yi aiki da duka biyun

Na cire rediyon da ya daɗe a motata, na sa irin babban allon nan mai Android wanda wasu ke kira kwamfutar mota, kuma na yi tuƙi da shi har na san halinsa ciki da bai. Ra'ayina shi ne: idan mota tana tsaye, allon ya yi wa rediyo fintinkau ta kowace fuska. Idan kuwa tana gudu, akwai wuraren da tsohon rediyo ya fi shi hankali, kuma waɗannan wuraren ne mai sayarwa ba ya ambata.

Rediyon da na cire irin siririn nan ne mai faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, girman da ake kira DIN ɗaya. Jamusawa ne suka fara tsayar da wannan awo, daga baya ya zama na duniya a 1984, shi ya sa rediyon Pioneer ko Kenwood ko Sony ke shiga rami ɗaya a motoci daban-daban. Yana kama FM da AM, yana karanta filashi, yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, iyakarsa ke nan. Wanda na sa a madadinsa allo ne mai inci 9, ya zo da firam ɗin roba da aka ƙera daidai da dashbod ɗin irin motata. Idan ka leƙa bayansa za ka tarar kusan babbar waya ce aka manna wa wani ƙaramin fanel mai kula da rediyo da amfilifaya da kyamara. Tunanin ba sabo ba ne, tun 1998 kamfanin Clarion ya fitar da AutoPC mai aiki da Windows CE, sai dai a wancan lokacin babu intanet a aljihun kowa, don haka bai yi tasiri ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne taswira. Ganin hanya a babban allo da ke kafe wuri ɗaya ya fi leƙen wayar da aka maƙala a gilashi tana rawa. Yana da eriyar GPS tasa, kuma idan ka sauke taswirar yankin da za ka bi a Google Maps tun kana gida, ko babu sabis zai ci gaba da nuna maka inda kake. Sai kyamarar ribas. Kafin in sa ta ina ɗaukarta ƙyale-ƙyale, yanzu kuwa ba na son yin baya babu ita, domin akwai wani yanki a bayan mota da madubi ba ya nunawa, kuma ƙaramin yaro zai iya tsayawa a nan ba ka gan shi ba. Ba banza ba Amurka ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota tun watan Mayun 2018.

Akwai kuma wani amfani da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙarƙashin sitiyarin yawancin motocin zamani akwai soket ɗin OBD-II, wanda makanikai ke jona na'urar bincike a jikinsa. Na sayi ƙaramin abin jonawa irin ELM327, na haɗa shi da allon ta Bluetooth, na sa manhajar Torque. Yanzu ina ganin zafin ruwan inji da lamba, ina ganin yawan wutar da altaneta ke bayarwa, kuma in fitilar inji ta kama zan karanta lambar matsalar kafin in je gareji. Wannan bai mai da ni makanike ba, amma ya sa ina zuwa da abin faɗa a bakina, kuma hirata da mai gyara ta fi tsari. Rediyo na da ba zai taɓa yin wannan ba.

To amma ga inda raina ya fara sosuwa. Tsohon rediyo, kana murɗa makulli yana magana. Allon kuwa kwamfuta ce, sai ta tashi. Idan ta mutu gaba ɗaya, sai ka jira kusan rabin minti kana kallon tambari, kuma daidai wannan lokacin ne kake son fita da baya daga inda ka ajiye mota. A nawa hoton kyamarar yana fitowa kafin Android ya gama tashi, wannan na yaba, amma taswira da sauti sai sun jira. Maganin da masu ƙerawa suka samo shi ne a bar ta tana gyangyaɗi maimakon ta mutu, sai ta farka cikin daƙiƙa biyu ko uku. Gyangyaɗin nan kuwa da wutar batir ake yin sa. Mai hawa mota kullum ba zai lura ba, amma wanda ke ajiye ta kwanaki da batir da ya fara tsufa zai iya tarar da ita ta ƙi tashi. Akwai wurin saita tsawon gyangyaɗin, a nemi shi tun ranar farko. A kuma tabbatar mai rewaya ya sa jar waya a layin da makulli ke kashewa, rawaya kuma a layin batir na dindindin, don idan aka haɗa su wuri ɗaya na'urar ba za ta san an kashe mota ba.

Babban ƙorafina shi ne rashin maɓallin murɗawa. A rediyona na da, hannuna ya san inda komai yake. Zan rage murya, in canza tasha, in kashe shi ɗungurungum, idona bai bar titi ba. Gilashi kuwa sumul yake, yatsa ba ya gane komai a kansa, dole ido ya raka shi. Ga mota tana girgiza, ka nufi wannan ka taɓa wancan, ka sake dubawa. Mu yi lissafi: mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa biyu ya zama mita 55 da ka wuce ba ka ga abin da ke gabanka ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ba masu ƙera motoci shawara a 2013 cewa kada wani aiki a allo ya ɗauke idon direba fiye da daƙiƙa biyu a kallo ɗaya. A Turai ma hukumar Euro NCAP, mai gwada ingancin kariyar motoci, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko mota tana da maɓallan gaske na sigina da hon da waifa da fitilar gaggawa wajen ba ta maki. Idan manyan kamfanoni masu injiniyoyi ana jan kunnensu a kan wannan, ina ga allon da aka ɗora wa tsarin da asalinsa don wayar hannu aka yi shi? Abin da ya cece ni shi ne maɓallan sitiyari. A wasu motocin sai an sa ƙaramin akwatin CAN bus da ke fassara saƙon mota ga allon kafin su yi aiki. Duk wanda motarsa ba ta da maɓalli a sitiyari, ina ba shi shawara da babbar murya ya nemi allo mai abin murɗawa a gefe, ko da ya fi ƙanƙanta. Zancen kallon bidiyo ana tuƙi kuwa, na'urar za ta bari idan ka cire mata takunkumi, ni dai ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Ta fuskar sauti, a jikin kwalin duka biyun za ka ga an rubuta 4x50W. Wannan adadi ne na ƙololuwa na ɗan lokaci, ainihin ƙarfin da irin waɗannan amfilifayoyi ke iya riƙewa ba tare da murya ta fashe ba bai cika wuce wajen wat 20 ga kowace sifika ba, wani lokacin ma bai kai ba. Bambancin yana wajen tsabta. Allon ya ba ni damar gyara sauti daki-daki fiye da yadda na saba, amma idan aka yi shiru tsakanin waƙa da waƙa ina jin wani siririn tsaki a sifika, kuma da farko akwai ƙugin da ke tashi idan na taka totur, sai da aka gyara wayar as, wato wadda ake jonawa da ƙarfen jikin mota, ya ɓace. Rediyona na da bai taɓa yin ko ɗaya ba. Kamun tasharsa ma ya fi na allon nesa ba kusa ba. Tashoshin FM da nake ji garau a bayan gari yanzu sai su riƙa yankewa. Wani ɓangare na matsalar shi ne shuɗiyar wayar da ke ba amfilifayar eriya wuta, wadda ake yawan mantawa a haɗa, amma ko bayan an haɗa ta bai kamo ƙafar tsohon ba. Mai son sauraron labarai da shirye-shirye a doguwar tafiya ya yi la'akari da wannan sosai. Haka makirufon da ke jikin allon, in ana waya sai wanda ke ɗaya ɓangaren ya ce kamar daga nesa nake magana, sai da na sa na waje kusa da madubi.

Rana ma tana wahalar da shi. Idan haske ya faɗo masa kai tsaye da kyar ake ganin rubutu, kuma idan mota ta daɗe a rana yakan yi nauyi kafin ya huce.

Abin da ya fi damuna idan na dubi gaba shi ne tsawon rai. Rediyon mota yakan rayu har motar ta tsufa, domin aikin da aka yi shi dominsa ba ya canzawa. Allon Android kuwa rayuwar waya yake yi. Manhajoji suna ƙara nauyi kowace shekara, shi kuma yana nan yadda yake, kuma da yawa daga cikin marasa sanannen suna ba a aiko musu da sabuntawar tsaro. Wasu ma a kan yi musu ƙarya a saiti, su nuna sabon Android ko RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, mai yawa alhali ba haka ba ne. Kafin ka biya, ka sa manhaja irin su CPU-Z ko AIDA64 ka duba. Mai RAM 2GB zai gajiyar da kai da zarar ka buɗe taswira da kiɗa tare, 4GB shi ne mafi ƙarancin da zan amince da shi. Kuma tunda mota tana zuwa gareji da wurin wanki, kada ka sa babban asusunka na Google mai ɗauke da saƙonninka da hotunanka, ka buɗe wani daban domin motar kawai.

Ni na bar allon a motata, saboda kyamara da taswira da karatun inji sun shiga jikina, ga kuma maɓallan sitiyari suna ɗauke mini rabin wahalar. Amma da wani zai ce in zaɓa masa, yawanci zan nuna masa hanya ta uku: rediyon sanannen kamfani mai girman DIN biyu, wato ninkin tsayin DIN ɗaya, da ke ɗauke da Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014, ko Android Auto na 2015. A irin wannan, wayarka ce ke yin aikin kwamfutar, allon nunawa kawai yake yi da manyan alamomi da aka tsara don direba, don haka duk lokacin da ka canza waya shi ma ya sabunta, ga kamun tasha da sauti irin na rediyon gaske. Abin da za ka rasa shi ne 'yancin sa duk manhajar da ka ga dama, da aiki ba tare da waya ba. Wanda kuma buƙatarsa ba ta wuce labarai da filashi da amsa waya ba, ya bar rediyonsa inda yake, in yana son kyamarar ribas akwai mai zuwa da ƙaramin allonta a jikin madubi.