Matacin CRT na RetroArch: sati uku ina murɗa saiti don in dawo da talabijin ɗinmu ta Mabera

Assalamu alaikum 'yan gem. Wanga rubutu na waɗanda sunka tashi da Sega da kaset mai ruwan ɗorawa ne, masu hura wa kaset iska kafin ya kama, yanzu kuma sun girma sun saka emuleta, manhajar da ke kunna tsofaffin gem, a laftof suna mamakin mi ya sa Sonic ya koma awa an zana shi da bulo. Ni ma haka ta faru da ni. Na sauke RetroArch, manhajar da ke tara emuletoci wuri guda, na ɗora Genesis Plus GX, emuletan Sega da ke cikinta (Core suke ce ma irinsa), na kunna Sonic na farko, na 1991, ina jiran in ji yarinta ta dawo, sai ga hoto ƙarau-ƙarau kowane ɗigo da kusurwa huɗu, ruwan da ke zubowa a Green Hill kuma ba ruwa ba ne, wasu layuka ne a tsaye awa zanen atamfa. Na ce walle ba haka na san shi ba.

Ashe ba mantuwa ta kama ni ba. Masu zana gem ɗin zamanin don talabijin mai ƙeya, wato CRT, sunka zana shi, wadda ke harba haske layi bayan layi daga bayan gilashi, ga kuma wayar da ke kai hoton ita ma tana ɗan damalmala launi. Ruwan Sonic da gangan anka yi shi layi ɗaya akwai layi ɗaya babu, don in ya bi ta wayar nan mai kan ɗorawa sai layukan su narke cikin juna ka riƙa hango dutsen da ke bayan ruwan. Sikirin ɗin yau ba ya narkar da komai, abin da anka ba shi shi yake nunawa. To maganin shi ne abin da RetroArch ke kira Shaders a menu ɗinsa, ni matacin hoto nake ce mai, don aikinsa kenan, hoton gem ya bi ta cikinsa ya fito da kamannin tsohuwar talabijin. Kyauta ne, ba ka biyan ko sisi sai data, ka shiga Online Updater ka danna Update Slang Shaders su sauko gaba ɗaya.

Abu na farko da ya ɓata min dare guda, kuma laifina ne: na buɗe jakar matatan ban ga wanda kowa ke yabo ba. Ashe direban bidiyo na yana kan gl, shi kuma fayilolin glslp kaɗai yake gani. Sai ka mayar da shi glcore ko vulkan, ka rufe manhajar ka sake buɗewa, sannan na slangp su bayyana. Ku riƙe wannan kar ku sha wahalar banza.

Na fara da CRT-Royale don sunansa ya fi tashi. Kyau kam akwai shi a hotunan da mutane ke ɗorawa, amma mataci ne mai nauyi, hoton sai ya bi matakai da yawa kafin ya fito, ni kuma laftof ɗina tsohuwa ce 'yar gwanjo ba ta da katin hoto na daban. Gem yana son hoto 60 a daƙiƙa, ma'ana kowane hoto yana da ƙasa da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa ya gama shiri, da zarar an makara sai sauti ya fara kakkaryewa awa rediyo mai mataccen batir. Ga zafin Sakkwato na watan huɗu, fanka na kuka, ƙasan kwamfuta ya yi zafin da ba ka iya aza ta bisa cinya. Minti goma na cire shi. Mai babbar kwamfuta da sikirin na 4K ya gwada, nasa ne.

Daga nan na koma zfast-crt da crt-pi, waɗanda anka yi don ƙananan na'urori irin Raspberry Pi. Ba su da nauyi ko kaɗan, har a waya suna tahiya, sai dai kusan layukan duhu kawai suke shimfiɗa ma bisa hoto da 'yar raga, ruwan Sonic yana nan da zanen atamfarsa. CRT-Geom ya fi su, yana lanƙwasa gefuna awa gilashin gaske, saitinsa kaɗan ne ba ya rikitarwa, wanda ba ya son dogon bincike ya tsaya nan ba laifi.

Inda na yada zango shi ne crt-guest-advanced, kuma a kansa nake son in daɗe. Kala-kala ne, akwai cikakken, akwai mai fast da fastest na masu raunin kwamfuta irina, akwai hd, akwai kuma mai ntsc a ƙarshen sunansa wanda ke kwaikwayon ita kanta wayar. Ranar da na ɗora mai ntsc ɗin na koma Green Hill, ruwan ya zama ruwa, har da ɗan bakan gizo da ke gilmawa a jikinsa in kana gudu, na yi shiru ina kallo awa wanda ya ga tsohon abokin firamare a tasha. Streets of Rage 2 ma haka, hasken fitilun titi da ke fitowa ɗigo-ɗigo awa gero ya koma haske mai laushi.

Amma fa in ka buɗe Shader Parameters sai ka ce wayyo, jerin saiti ne dogo ka yi ta gangarawa ba ya ƙarewa, duk da turanci, kuma wasu sai ka murɗa ka murɗa ba ka ga abin da ya canza ba sai ka manna hanci ga gilashi. Nan ne na gane kuskuren da da yawa cikinmu ke yi. Hotunan da muke gani a intanet, masu baƙaƙen layuka ƙarara tsakanin kowane layin haske, yawanci suna kwaikwayon Sony PVM ne, talabijin ɗin ƙwararru da ake aiki da ita a gidajen talabijin da asibitoci, mai karɓar hoto ta RGB tsaf babu datti. To don Allah wa ke da wannan a Mabera ko Runjin Sambo? Mu tamu 'yar inci 14 ce, Sega na shiga ta ramin eriya, sai ka zare eriyar da ake kamo NTA ka soka wayar gem, ka yi ta neman tasha har hoto ya tsaya, in wani ya taka wayar hoto ya yi yayyafi a sha zagi. A irin wagga talabijin layukan duhun nan da ƙyar ake ganinsu don gilashin ƙarami ne kuma hasken kowane layi yana malalowa bisa na kusa da shi. Ni sati guda na yi ina kwaikwayon talabijin da ban taɓa gani da idona ba, ina mamakin mi ya sa zuciyata ba ta amsa ba.

Su layukan ma ga asalinsu: talabijin an yi ta ne ta zana hoto rabi-rabi, layukan mara a zagaye ɗaya na cika a zagaye na biyu, sai na'urorin gem sunka yi dabara suna sa ta maimaita layuka iri ɗaya kowane zagaye, rabin ya zauna babu haske. Shi ne ake ce ma 240p. Kuma kaurin layi ba ɗaya ba ne, wuri mai haske layin ya kumbura ya cike giɓin, wuri mai duhu ya sirance. Matacin kirki yana yin wannan, na arha kuwa baƙin zare kawai yake ja daga gefe zuwa gefe. Guest yana yi, kuma yana barinka ka daidaita kaurin na haske daban na duhu daban.

Sai maganar raga. Bayan gilashin talabijin mai launi akwai ƙarfe mai huji da ke raba hasken ja da kore da shuɗi. Iri uku ne: mai ɗigo-ɗigo, mai 'yan tsagogi jere awa ginin bulo wanda shi ne a yawancin talabijin ɗin gida, sai na Trinitron da Sony ta fitar a 1968 mai wayoyi a tsaye daga sama har ƙasa. Matacin yana da duka, ka zaɓa da lamba, sifili na cgwg ne, ɗaya zuwa huɗu na Lottes (sunayen waɗanda sunka ƙirƙiro su ne), na gaba irin Trinitron. Matsalar ita ce raga tana cin haske, ka ƙara mata ƙarfi hoto ya dushe awa ana hazon hunturu, sai ka koma Bright Boost kana ƙarawa, fari ya fara ƙonewa, ka rage nan can ya lalace. Kuma tana son ɗigon sikirin da yawa. Laftof ɗina 1366 da 768 ce, gem ɗin Sega layi 224 ne, in ka ninka sau uku 672, wato kowane layin gem ɗigo uku kacal ya samu, a cikin ukun nan za a yi haske a yi duhu a yi raga, ina wurin yake? Don haka a laftof na sauke ƙarfin ragar ƙasa sosai har sai ka matso kake ganinta.

Kafin ma duk wannan, ku kunna Integer Scale a saitin bidiyo, shi ke sa a ninka hoton gem da cikakkiyar lamba, kowane layi ya samu ɗigo daidai. In ba haka ba wani layi zai samu ɗigo huɗu wani biyar, sai ka ga wasu ratsi-ratsi suna bin hoto musamman in sararin sama shuɗi ne fili. Na gwada a talabijin ɗin falon yayana mai 1080, ninki huɗu ya ba da 896, saura 184 sunka zama baƙi sama da ƙasa. Yaya ya leƙo ya ce kai mi ya sa ka rage min talabijin? Sai na kai shi ninki biyar, 1120, ya ɗan wuce gilashin, layi takwas na gem sunka fita waje, huɗu sama huɗu ƙasa, kuma ba a rasa komai ba don tsohuwar talabijin ma tana cinye gefuna, masu gem sun san haka ba su aje abu mai muhimmanci can. Ni wannan ya fi min. Mai 4K shi ya huta, 2160 ninki tara ne cif na 240.

Abin da na tsaya kai a ƙarshe ba wani abin alfahari ba ne. Mai ntsc, layukan duhu sassauƙa, raga kaɗan, Glow ɗan ƙwarya-ƙwarya don rubutu fari ya riƙa ɗan feshin haske a kan baƙi, lanƙwasa kaɗan ƙwarai don in ta yi yawa sai ka ji awa ta cikin kwalbar lemo kake leƙe. Halation na bar shi kusan a kashe, yana sa komai ya yi ja-ja. In batir ya yi ƙasa kuma an ɗauke wuta, sai in cire matacin in kunna tacen Blargg da ke cikin saitin shi Genesis Plus GX ɗin in zaɓi composite, wato wayar nan mai kan ɗorawa, yana narkar da ruwan Sonic shi ma ba tare da ya wahalar da kwamfuta ba.

Wani abu da mataci ba ya iya maidowa shi ne sauri. Najeriya tsarin talabijin na PAL muke, hoto 50 a daƙiƙa, Segarmu ma ta PAL ce, kuma da yawan gem ɗin farko ba a gyara su ba, suna tahiya a hankali da wajen kashi 17 cikin ɗari har kiɗan. Da na kunna na Amurka mai 60 sai na ji kiɗan yana sauri awa ana korar makaɗin. Na koma na Turai na saurara, shi ne wanda kunnena ya sani, amma gaskiya kwana biyu na koma mai 60, ya fi daɗin bugawa, yarinta ta yi haƙuri.

Wajen ajiye saiti ku yi hattara. Akwai Save Global Preset, akwai na Core, akwai na jaka, akwai na gem ɗaya. Ni na danna na Global cikin ɗoki, washegari na kunna gem ɗin Game Boy Advance sai ga shi da layuka da lanƙwasa, na'urar da ba ta taɓa sanin gilashin CRT ba. Nata matatan suna jakar handheld. Ku ajiye na kowace na'ura daban, don PlayStation ma ba ta son abin da Sega ke so, a Winning Eleven sai da na ƙara haske na rage dattin waya kafin sunayen 'yan wasa su karantu.

In maki ake so, guest ya ci takwas cikin goma wurina, biyun na cire don yawan saitin da ba bayani da kuma cin batir. Mai waya ko ƙaramar laftof ya fara da fast ko fastest.

Ran Juma'a da yamma ɗan yayata ya zo, shekararsa goma, ya same ni ina buga Sonic da saitin da na kwashe sati uku ina gyarawa. Ya tsaya bayana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Kawu kwamfutarka ta lalace ne, hoton ya yi dishi-dishi, ka kai a gyara ma. Na ce zauna ka karɓi hannun. Ya buga har ya kai wurin ruwan ya wuce a guje ko kallonsa bai yi ba, ya faɗa kan ƙayoyi zobbansa sunka watse, ya ce in cire mai layukan nan su ne sunka hana shi gani. Na cire mai. Bayan ya tahi na mayar, na kuma yi wa wani mai gyaran talabijin na unguwarmu magana, ya ce yana da 'yar inci 14 a ƙarƙashin tebur tun shekarun baya mai ita bai dawo ba, in zo ran Asabar mu jona mu gani ko tana kamawa.