Watson da gwanayen Jeopardy!: ina na'ura ta fi, ina mutum ya fi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwamfutar da ta kayar da mutane a gasar kacici-kacici ta talabijin ta fi su sani ne, ko kuwa sauri kawai ta fi su. Bari mu jera su mu gani.

Shirin dai shi ne Jeopardy! na Amurka, an nuna karawar daga 14 zuwa 16 ga Fabrairu 2011. Watson ta kamfanin IBM ta kara da Ken Jennings, wanda ya ci wasa 74 a jere a 2004, da Brad Rutter, wanda a lokacin ba wanda ya kai shi cin kuɗi a shirin. Ana ƙirga maki da dala ne a shirin, an tashi Watson na da dala 77,147, Jennings 24,000, Rutter 21,600.

Ta fuskar sani, tazarar ba ta kai yadda makin ya nuna ba. An ɗura wa Watson shafi kusan miliyan 200, har da Wikipedia sukutum, tana aiki a kan manyan kwamfutoci 90, kuma ba a haɗa ta da intanet ba. Amma gwanaye irin waɗannan biyun su ma sun san amsar mafi yawan tambayoyin. In kowa ya san amsa, wanda ya riga danna maɓalli shi ke da maki.

To a nan gizo ke saƙa. Dokar shirin ita ce ba a dannawa sai mai gabatarwa, wanda a lokacin Alex Trebek ne, ya gama karanta tambaya an kunna fitila. Wanda ya yi azarɓaɓi, maɓallinsa zai kulle na rubu'in daƙiƙa, wanda ya isa a ƙwace masa dama. Mutum yana bin muryar mai karatu ne yana kintatar lokacin, wani sa'in ya dace, wani sa'in ya kuskure. Ita kuwa Watson saƙon kunna fitilar kai tsaye yake isar mata, wani ɗan yatsan ƙarfe ya danna mata cikin ƙiftawar ido, ba gaggawa ba jinkiri. A ganina nan aka ci wasan.

Amma tana buƙatar kamar daƙiƙa uku ta yi lissafi. Tambaya tana zuwar mata a rubuce, sai ta zaƙulo amsoshi masu yawa, ta auna hujjar kowace, ta ba ta maki. In ta farko ba ta kai mizanin tabbaci ba, sai ta yi shiru. Shi ya sa a gajerun tambayoyi, da ake gama karantawa nan take, mutane kan riga ta.

Kunne kuma ba ta da shi. Jennings ya taɓa ba da amsar shekarun 1920 aka ce ba daidai ba, Watson ta danna ta maimaita amsar. Yaro ma ba zai yi wannan ba.

Babban tuntuɓenta a tambayar ƙarshe ta wasan farko ne. Rukunin biranen Amurka ne, aka nemi birnin da babban filin jirginsa ke ɗauke da sunan gwarzon Yaƙin Duniya na Biyu, na biyun kuma sunan wani gumurzu na yaƙin. Jennings da Rutter suka rubuta Shikago, ita ta rubuta Toronto, da ke Kanada. Dalili shi ne an horar da ita kada ta dogara sosai da sunan rukuni, tunda sau da yawa wasa da kalmomi ne. Sai dai ta bi amsar da alamar tambaya biyar don nuna shakka, kuma da yake ta yi musu nisa, dala 947 kacal ta sa a caca daga makinta tun kafin a bayyana tambayar, su kaɗai ta rasa.