Auna Tsayin Ƙura: Bayanan Wane Tauraro Za Ka Ɗauko?

Kowane rani iska kan biyo ta mashigar duwatsun Tokar, kudu da Bur Sudan, ta kwaso ƙura ta tsallako Bahar Maliya da ita har gaɓar Saudiyya. Ƙanina da ke digiri na biyu a nan Jidda, ita aka ba shi ya auno nisanta daga ƙasa. Ya zo mini da fuska a yamutse: "Yaya, bayanan wane tauraron ɗan'adam zan saya?" Na ce aljihunka ya huta, NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da takwararta ta Turai kyauta suke ba da bayanansu. Abin da za ka kashe shi ne data, da wurin ajiya a kwamfuta, da watanninka. Su kuwa watanni ba sa dawowa.

Ka fara cire MODIS, na'urar ɗaukar hoto da ke kan taurarin NASA, daga lissafi. Yana nuna kaurin ƙura, amma ba ya faɗa maka ko tana shiga huhun mutane ne ko tana can kilomita huɗu a sama.

Gwanin wannan aiki shi ne CALIPSO, na Amurka da Faransa, wanda aka harba a 2006. Hasken leza yake cillowa ƙasa, ya lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Hotonsa kamar an yanka sama da wuƙa an nuna maka cikinta: ga ƙura nan shimfiɗe, ga gajimare a kanta, kuma kusa da ƙasa yana bambance kowace mita 30. Dare da rana yake gani, ko da yake na dare ya fi tsabta. Aibinsa biyu. Layinsa siriri ne kamar zare, kuma sai bayan kwana 16 yake maimaita hanya. Na taɓa kwana ina sauke fayil saboda wata habub, wato guguwar ƙura, da ta rufe Khartum, da asuba na buɗe, ashe tauraron ya bi ta can nesa, bai ko shinshina ta ba. Na biyu, ya daina aiki a Agustan 2023. Mai son ƙurar bana sai ya koma ga EarthCARE na Turai da Japan, wanda ya tashi a Mayun 2024 da tasa lezar, amma tarihinsa bai yi tsawo ba tukuna.

TROPOMI, da ke kan tauraron Turai Sentinel-5P tun 2017, kishiyarsa ce. Faɗin kilomita 2,600 yake sharewa, kusan kullum sai ya leƙo mu bayan azahar. Dabararsa ita ce duba yawan hasken rana da iskar oksijin ta shanye: in ƙura tana sama sosai, haske ya juya da wuri, kaɗan aka sha. Sai dai lamba ɗaya tak yake ba ka, ko da ƙurar hawa biyu ce. Kuma rairayi mai haske na ruɗa shi, ya kan sauko da ƙurar ƙasa da inda take. A kan teku ya fi gaskiya. Wanda bincikensa ke hamadar Rub'ul Khali ko arewacin Sudan, kada ya jingina da shi kaɗai.

Akwai MISR a kan tauraron NASA Terra tun 1999, mai kyamarori tara da ke kallon abu ɗaya ta kusurwa daban-daban. Yana kyau inda ƙura ke tasowa da gefe bayyananne; in ta baje ta zama hazo, ba shi da abin kamawa. Aikin hannu ne kuma, yana cin haƙuri.

Tunda ƙurar ƙanina bisa ruwa take bi, na ce ya ɗauki TROPOMI don labarin kullum, ya zaɓi shekarun da shi da CALIPSO suka yi aiki tare, duk ranar da layin lezar ya ratsa Bahar Maliya ya gwada lambobin biyu. Ya sayo faifan ajiya na terabait biyu a kasuwar Balad ta Jidda, ya fara da watan Yulin 2019.