Layin Kowa da Kowa ko Lightning Lane a Disney World

A Disney World, wurin wasanni da shaƙatawa da ke jihar Florida ta Amurka, mai son hawa lilo yana da zaɓi biyu. Layin kowa da kowa ba ya buƙatar ƙarin kuɗi bayan tikitin shiga, amma lokacin hutu mutum kan shafe fiye da awa ɗaya yana matsawa kaɗan-kaɗan, yara suna ƙorafi. Lightning Lane kuwa, wanda ya maye gurbin FastPass, tsohon tsarin kauce wa dogon layi na kyauta, a 2021, ana sayensa ta manhajar waya, a ba mutum tazarar awa ɗaya ya zo ya bi gajeren layi. Yana rage wahala ƙwarai, sai dai kowa kansa yake biya, abin da ke yi wa mai iyali da yawa nauyi.